Kafin Ka Toshe Tagar Ladidi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina yi maka gaisuwar uwa ga autanta, tare da roƙon Ubangiji Ya sauke ka Dutsin-Ma lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa, Ya kuma sa wannan aiki da ka samu a jami'a ya zama sanadin alheri gare ka da duk wanda ya raɓe ka. Amin.

Na san za ka yi murmushi idan ka tarar da wannan takarda cikin kayanka, domin tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ba nisan wasiƙa ba ne, ga kuma waya a hannun kowa. Dalilina shi ne, idan na yi maka magana da baki, kakan sunkuyar da kai ka ce "To Hajiya" tun ban kai aya ba, ni kuma harshena na tsohuwar shugabar makaranta ne, ya saba a yi tsit idan ya motsa. A wannan magana ba "to" nake nema ba. So nake ka karanta, ka yi gardama da ni a zuci iyakar iyawarka, sannan ka yanke hukunci da kanka.

Maganar gidan hayan nan na Dutsin-Ma ce. Na mallaka maka shi a gaban yayyenka da shaidu, kuma ba na cikin masu ba da akuya su riƙe igiya. Naka ne. Ranar da ka nuna mani zanen gyaran da kake son yi, ɗakunan ɗalibai a jere, kowanne da banɗakinsa da tayil, na ce Allah Ya sa albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Zanen ya yi kyau, karatun gini da ka yi bai tafi a banza ba. Sai bayan ka rufe kwamfutar na tuna abin da ban gani ba a ciki: babu tsakar gida. Inda murhun Ladidi mai awara yake ka aza ɗakuna, bangon da tagarta take ka mayar da shi doguwar katanga mai waya a sama, iyalan da ke ciki kuma za a ba su wa'adi su tashi.

 Ranar kasuwar Kurfi da ta wuce, kana can wajen karɓar takardun kama aiki, sai ga Ladidi, matar Isuhu lebura, mai yin awara a gidan, ta yi sallama da kwanon tsaraba a hannu. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Hajiya, wasu samari sun shigo mana da igiyar awo suna auna tsakar gida, har ɗayan ya tsallake mani tukunya. Na ce mashi, yaro, in kabari kuke aunawa ku auna da ni, don nan za ku rufe ni."

Na ce, "Ladidi, gidan ba nawa ba ne yanzu."

Ta ce, "Ai mun ji. Amma mai gidan naki ne."

Na ce mata ban taɓa roƙon ɗana komai ba, kuma ba a tsufana zan fara ba. Sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Wa ya ce ki roƙe shi? Ki koya mashi mana. Ba aikin da gwamnati ta yi ta biyanki a kai ba ke nan?"

To, ga ni ina koyarwa. Ba ni da littafin wannan darasi, sai abin da gidan ya koya mani da kansa, kuma mafi yawansa ta hanyar kuskure na koye shi.

Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mani yawo a kai: shin mai gidan haya, me yake sayarwa? Lokacin da na yi ritaya na karɓi giratutina, da an tambaye ni sai in ce ɗaki, in kuma yi mamakin wautar mai tambayar. Lokacin ne jami'a ta fara cika garin da baƙi, duk mai fili ya zama maigida. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya riga ya rasu. Baffanninka suka ce in ba su kuɗin su saya mani shanu, mace ba ta iya tsayawa kan magina. Na gode masu, na ɗauki lemata, na tsaya kan maginan tun daga tushe har aza kwano. Da aka gama, na dubi farin fentin nan na ji kamar na gina sabuwar makaranta, kuma kamar makaranta na tafiyar da shi. Na tara 'yan hayan farko a tsakar gida tamkar taron safe, na karanto masu doka: ba kiwo, ba hura itace ya ɓata mani fenti, ba daka, ba sana'ar da za ta mayar da ƙofar gida kasuwa.

Cikinsu akwai wata Hajara, matar wani masinja, mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ce, "Hajiya, to ni ina zan yi tuyata?" Na ce mata ɗaki na ba su haya, ban ba su masana'anta ba. Na ji daɗin wannan jimla, har na maimaita ta ga ƙawayena.

Wata rana na shigo Dutsin-Ma da hantsi, lokacin da ya kamata kowane yaro yana aji, sai na ga wata yarinya kusa da tasha da farantin ƙuli a ka. Ka san halina, ritaya ba ta raba ni da shi ba. Na tare ta na ce, "Ke, wace makaranta kike? Ajinku nawa?" Ta ce aji huɗu, amma ta kwana biyu ba ta je ba. Na kama hannunta na ce ta wuce ta kai ni wajen uwarta, ina tafe ina shirya faɗan da zan yi, wanda na yi wa iyaye da yawa a Kurfi har na haddace shi. Muka bi lungu, muka fita titi, muka sake shiga lungu. Yarinyar nan ta tsaya da ni a ƙofar gidana. Ɗiyar Hajara ce, ni kuwa ban taɓa duban fuskokin 'ya'yan gidan ba, bango kawai nake dubawa idan na zo.

Duk da haka na yi faɗan, don na riga na ɗauko shi. Hajara ta bari na gama, sannan ta ce, "Hajiya, a gidan da muka baro, ƙamshi ke kiran masu saye su zo har ƙofa. Nan kin hana ƙamshi, kin hana ƙofa. Sai na je gidan gwaggona can wata unguwa in yi tuya in dawo da kaya a rufe. Ƙuli kuwa ba shi da ƙafa, sai an ara mashi."

Na ce zan yi tunani. Tunanin mai girman kai yana da nawa, kafin in gama shi kaka ta yi, sun kwashe kayansu sun koma ƙauyen Makera wajen dangin mijin. Har yau ina so in san ko yarinyar nan ta koma aji, ban kuwa samu wanda ya sani ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, a ƙasarmu shagon matar aure tsakar gidanta ne. Can take suya, can take kiwo, can take kitso da saƙa, daga can take fitar da kuɗin cefane ranar da maigida ya dawo hannu rabbana. Duk mai gidan da ya ba iyali ɗaki ya hana su tsakar gida, ya yanke masu hannu ɗaya, sannan ya zauna yana mamakin talaucinsu. Kafin ka kafa kowace doka a gidanka, ka tsaya ka tambayi kanka: abincin wa za ta taka? Ni da na shafe rayuwata ina yaƙi da talla, da bakina na ɗora wa yarinya faranti.

Daga nan sai na faɗa ɗaya gefen, kamar yadda mai gudun rami kan faɗa rijiya. Na soke dokokin baki ɗaya, na ce kowa ya yi abin da zai fisshe shi. Cikin ɗan lokaci gidan ya zama abin kallo. Awaki suka cinye shanyar mutane, ruwan wanke-wanke ya kwanta a tsakar gida sauro ya samu masauki, mata suka yi ta rigima a kan wurin kafa murhu, wata rana kuma wuta ta lashi labulen wani ɗaki, Allah Ya taƙaita. Ba zan ɓoye maka ba, talaka ba waliyyi ba ne, kuma a cikin 'yan haya akwai wanda in ka ba shi inuwa sai ya sare bishiyar. Sai da na sake ɗaukar lemata. Na sa aka kafa rumfar kwano a kusurwar da iska ke fitar da hayaƙi waje, aka jera murahu a ƙarƙashinta, aka ja magudanar ruwa, aka kewaye wurin turke a baya. Aikin bai kai kuɗin ɗaki guda ba, amma shi ya zaunar da gidan. Na fahimci cewa barin mutane su yi sana'a bai wadatar ba, sai mai gida ya gina wa sana'ar wurin zama kamar yadda ya gina wa mai ita wurin kwana. Kai da ka karanci gini ka fi ni sanin yadda ake yin haka, in ka so.

A tsakanin nan ne kuma na gwada sadaka. Wani dattijon tela, Malam Ɗanjuma, mai gidan da yake ciki ya tashe shi, sai na ba shi ɗakin zaure kyauta, na ce ya zauna har abin da Allah Ya yi. Na koma Kurfi ina jin na sayi fili a Aljanna. Sai dai duk zuwan da zan yi, sai ya tashi daga kan keken ɗinki ya durƙusa, gaisuwa ba ta ƙarewa, har na fara jin nauyin shiga gidana. Na kuma lura da wani abu da ya ɗaure mani kai: ko ƙusa bai kafa a bango ba. Kayan mutane suna cikin buhu, allon da ke ɗauke da sunan shagonsa yana jingine a ƙasa. Ba a daɗe ba ya zo yi mani sallama, wai ya kama haya a wani ɗaki da na san yana yoyo. Raina ya ɓaci, na ce, "Malam Ɗanjuma, kyauta ce ta yi maka ɗaci?"

Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Amma 'har abin da Allah Ya yi' wa'adi ne da tela ba ya iya karɓar ɗinkin Sallah a kansa. Can ɗin ruwa na zuba, sai dai na san ranar shigata, na san ranar fitata."

Na yi kwanaki ina jin haushinsa, daga baya na koma juya maganar. Ashe abin da ya fi cin talaka a gidan haya ba tsadar ɗaki ba ce kawai, har da rashin sanin ko baɗi yana nan. Wanda bai san zai kai baɗi a wuri ba, ko zogale ba ya dasawa, balle ya tara masu saye ko ya sa ɗa a makarantar unguwa. Saboda haka ka karɓi hayarka, kada ka ji kunya, domin wanda ya biya yana kallonka ido da ido. Amma ka yi ta daidai ƙarfin mutane, ka ba su dogon wa'adi a gaban shaidu, kada ka yi ƙari bagatatan don ka ji maƙwabci ya yi. Wanda abincinsa ke da alaƙa da gona kuma, ka nemi hakkinka bayan kaka, kada ka tsaye mashi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan ba ya rage maka komai sai ɗan haƙuri.

Bayan duk wannan ne Isuhu ya zo neman ɗaki da matarsa da 'yar ɗiyarsu Sadiya. Na tambayi Ladidi sana'arta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba na komai, Hajiya, zaman gida kawai." Na ce ta miƙo hannu. Duk tabon ƙunar mai ne. Na ce, "Zaman gidan ne ya soya ki haka?" Sai ta fashe da dariya, ta ce gidaje da dama sun mayar da su da jin kalmar awara, shi ya sa Isuhu ya ce ta rufe baki har su shiga. Na ce mata ga murhu, ga rumfa, ta yi awararta, sharaɗina ɗaya ne: Sadiya ba za ta ɗauki faranti ba muddin suna gidana.

Ta ce, "To wa zai kai wa masu saye? Ni maigidana ba ya barina zaman bakin titi."

 Na yi ta tunani har wata rana ina layin karɓar magani a asibiti, na ga yadda ake miƙo shi ta 'yar taga, mai bayarwa na ciki, mai karɓa na waje, ba wanda ya shiga wurin wani. Na ce to, me zai hana? Na nemi yardar Isuhu, ya ce in dai da labule ba shi da ta cewa. Da na kira magini na nuna mashi inda zai fasa, sai ya riƙe haɓa ya ce, "Hajiya, ɓarawo ke fasa katanga a kai shi kotu, ke kuma za ki biya a fasa taki?" Na ce mashi ya fasa, in an kai ni kotun ya zo shaida. Aka yi taga daidai shigar kwano, aka sa mata murfin ƙarfe da sakata ta ciki, Ladidi ta rataya labule. Ba a yi sati ba ɗalibai suka gano ta. Ƙamshi ya yi aikinsa.

Wata rana na zo duba rufi, sai sha'awa ta kama ni in ga iyakar inda wannan tukunya take kaiwa. Na sa aka shimfiɗa mani tabarma a gindin rumfa na zauna tun hantsi har la'asar, ina tambaya kamar baƙuwa. Waken suyan daga Makera yake zuwa, wajen wan Isuhu, wanda a da sai ya jira ɗan kasuwa ya taya mashi yadda ya ga dama. Da safe a kai markaɗe wajen mai inji a bakin layi. Mai kurar ruwa ya sauke jarkoki, mai itace ya sauke dami. Idan ta tace ta dafa ta zuba ruwan tsami, awara ta dunƙule, sai ta ɗaure a ƙyalle ta danne da dutse. Dusar da ta rage na ɗauka zubarwa ake yi, ashe Asabe ta ɗakin ƙarshe ke kwashewa ta ba tumakinta, waɗanda take sayarwa da Layya ta yi wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Takin tumakin kuma wani mai amalanke ke zuwa ya kwasa ya kai gona. Abin da ya fi ba ni dariya, ɗalibai mata da ke zuwa sayen awara sun leƙo ta tagar sun ga Hansatu, matar ɗaki na biyu, tana yi wa 'yarta kitso, yanzu ranar Asabar sai ka ga takalmansu jere a ƙofarta. Ban shirya ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ni dai bulo kaɗan na cire daga bango. Sadiya kuwa tana sakandare, kanta bai taɓa sanin gammo ba, kuma ta ce mani aikin jinya take so ta karanta.

Tun ranar nake ta tambayar kaina abubuwan da ban da amsarsu, kuma ina so ka bincika mani tunda yanzu kana cikin masana. Me ya sa duk zanen gidan haya da na taɓa gani babu murhu a cikinsa, babu turke, sai ka ce waɗanda za su zauna ciki iska suke ci? Shin a littattafanku akwai inda aka yi maganar gidan da ke ciyar da mazauninsa, ko kuwa gidan da ke ciyar da mai shi kawai aka sani? Idan kowane mai gida a layin nan ya bar taga ɗaya da rumfa ɗaya, yara nawa za su sauke faranti? Ko kuwa masu sayen ne za su yi kaɗan, matan su karya wa juna kasuwa? Wannan ta ƙarshen ta fi damuna, don ban san amsarta ba, kuma ba na son in yi maka wa'azi da abin da ya yi aiki a gida ɗaya tak. Muna yawan jin ana cewa gwamnati ta yi kaza don rage talauci, ta kuma yi, hakkinta ne. Sai dai gwamnati ba ta san inda hayaƙin Ladidi ke bi ba. Mai gida ya sani.

Ba na cewa shirinka mugu ne. Ɗaliban nan 'ya'yan wasu ne, sun baro garuruwansu, suna bukatar ɗaki mai tsabta da ƙofa mai kulle, kuma abin da za su biya ya fi abin da su Isuhu ke iya biya nesa ba kusa ba. Kai ma kana da aure a gabanka, ba laifi ba ne ka nemi riba da dukiyarka. Abu ɗaya zan tuna maka: lokacin da aka rufe jami'a aka daɗe ba a buɗe ba, na ga masu gidajen layin nan zaune a ƙofar ɗakuna wayam, ƙadangaru na shan rana a kan tayil. Gidana bai mutu ba. Ciniki ya ja baya, Ladidi ta koma ƙosai da koko don mutanen unguwa, aka lallaɓa har ɗalibai suka dawo. Ɗalibi baƙo ne mai albarka, amma da jakarsa a rataye yake kwana.

Yanzu ga abin da na yanke a nawa ɓangaren, kuma ka san ban saba faɗin magana in janye ba. Kangon nan da ke jingine da gidan ta gabas, wanda dillalai suka gaji da yi mani sintiri a kansa, wanda yayanka ya nema na hana shi, ban taɓa gaya wa ɗayanku dalilin riƙe shi ba. Na ajiye shi ne domin in tsufa ya yi tsawo, fansho ya gaza, in sayar in ci da kaina, kada in wayi gari ina miƙa hannu ga wanda na haifa. To, na ba ka shi ka gina ɗakunan ɗalibanka a kai. Ba kyauta ba ce. Fili nawa, gini naka, ka riƙa fitar mani da rabona kamar yadda za ka fitar wa baƙon da ba ka haɗa komai da shi ba. Na san bai kai faɗin abin da ka zana ba, kuma sai ka fara daga tushe, za ka daɗe kafin ka ga riba. Abin da nake nema a madadinsa shi ne tsakar gida ta zauna, rumfa ta zauna, taga ta zauna, iyalan nan kuma ka ba su dogon wa'adi a gaban shaidu. Ɗalibanka ma za su ji yunwa, ga awara a maƙwabta.

Idan ka auna ka ga bai yi maka ba, hakkinka ne, ba zan yi fushi ba, kuma bakina ba zai taɓa furta maka komai ba sai albarka. Amma a nan ina da umarni, ba shawara ba: kada ka aika dillali, kada ka aika takarda. Ka je da ƙafarka, ka yi sallama, ka nemi Isuhu, ka zauna a gindin rumfar nan ka faɗa masu da bakinka, ka kuma ba su lokaci har Sadiya ta gama zangon karatunta su nemi inda za a karɓe su da tukunyarsu. Mutumin da zai iya tashin iyali, ya kamata ya iya duban idonsu. Na gaya wa Ladidi amsa daga wajenka za ta fito, ba daga wajena ba.

Tun rasuwar mahaifinka ban taɓa sa abincin tsufana a hannun wani ba, sai yau. Daga lokacin da na rubuta maganar kangon nan na ji wani abu ya tsaya mani a ƙirji, na ajiye alƙalami na tsaya nazarin ko mene ne, don ban san shi ba. Ba ciwo ba ne, ba kuma nadama ba. Zama ne na wanda ke jiran abin da wani zai yanke a kansa, ba shi da abin yi sai jira. Shekara da shekaru ina karɓar haya, sai yau na san yadda ɗan haya yake ji.

Allah Ya yi maka jagora, Ya nuna maka gaskiya Ya ba ka ikon binta. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya kiyaye ka fita da shiga, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka gaida su Isuhu da mutanen gidan idan ka shiga. Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan mahaifinka, Ya sada mu da alheri.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rakiya, Kurfi.